Yadda za ka gina ƙashin wuyan mutum a kwamfuta, ka aza masa kaya, ka ga inda zai gaza

Kasuwar Farin Gada ta Jos ce ta jefa ni cikin wannan aiki. Wata safiya cikin sanyin Disamba na je sayo wa Innarmu tumatir da kabeji, sai idona ya kai kan wani dattijo ɗan dako yana naɗa gammo. Tsumma ne kawai, ya murɗa shi ya yi zobe, ya ɗora a tsakar ka, samari biyu suka ciccibo kwando suka aza masa. Bai ɗaga ƙafa ba sai da ya ja haɓarsa ciki kaɗan, ya ɗan girgiza kai kwandon ya zauna, sannan ya tafi abinsa. Da ya dawo na ce, "Baba, sannu da aiki. Wuyan ba ya ciwo kuwa?" Ya dube ni ya ce, "Yaro, ai ba nauyin ke kashe wuya ba, zaman kayan ne. In ya zauna daidai, ko Terminus ne sai in kai shi."

Ni injiniya ne, ƙarfe da injuna na karanta, ban taɓa zama a ajin likitanci ba. Amma maganar nan ta tsaya mini a rai, har na kwashe fiye da shekara ina koyon yadda ake gina wuyan ɗan Adam a kwamfuta don in ga ko lissafi zai gaskata Baba. Ga hanyar da na bi, har da ramukan da na faɗa.

Fara da wuyan rago

Kafin ka kunna kwamfuta, je ka wurin mahauci ka sayi wuyan rago ko na akuya, ka roƙe shi kada ya daddatsa. Ka dafa har naman ya saki, ka jera ƙasusuwan a faranti. Guda bakwai za ka ƙirga, daidai da na mutum, daidai da na raƙumin dawa ma. Siffarsu ba irin tamu ba ce sak, na rago sun fi tsawo, amma abin da hannunka zai koya maka a nan hoto ba zai koya maka ba: ga kututturen ƙashi, ga ramin da laka ke bi, ga gaɓoɓi biyu a baya masu santsi suna zamewa a kan juna, ga faifan guringuntsi a tsakani. Ka riƙe biyu ka lanƙwasa, ka murɗa, ka ji inda suke tokarewa.

A jikin mutum ana kiransu C1 zuwa C7, daga ƙeya zuwa ƙasa. Biyun sama daban suke da saura. C1 zobe ne kawai, C2 kuma yana da ɗan turke da ya shige cikin zoben, babu faifai a tsakaninsu. In ka juya kai dama da hagu wajen sallame sallah, kusan rabin juyin a wannan gaɓa yake faruwa. Wuri ne mai ban sha'awa, amma kada ka kuskura ka fara da shi, zai cinye maka watanni.

Shawarata ka ɗauki C5 da C6 da faifan da ke tsakaninsu, su kaɗai. Yana cikin wuraren da suka fi motsi a ƙasan wuya, nan ne faifai ya fi saurin lalacewa, kuma akwai gwaje-gwaje da yawa da za ka auna aikinka da su. Na san zuciya na son ganin wuya cikakke yana juyawa a allo. Ni ma haka na fara, na ɓata wata uku a banza.

Hoto da sassaƙa

Kana bukatar hoton CT na wuya, wato hoton asibiti da ke nuna jiki yanka-yanka, a fayilolin DICOM da na'urar ke fitarwa, yankan da kaurinsa bai wuce milimita 1 ba. Kada ka kai ƙaninka ko abokinka a ɗauke shi don kawai kana son samfuri. Na'urar tana watsa hasken X-ray wanda ba a shiga sai da dalili. In daga asibiti za ka karɓa, sai da izinin kwamitin kula da ƙa'idar bincike, kuma a goge bayanan mai hoton, domin DICOM yana ɗauke da suna da ranar haihuwa a cikinsa ko da ba ka gan su a kan hoton ba. Mafi sauƙi shi ne ka sauko da waɗanda aka saki kyauta a intanet, kamar tarin hotunan ƙashin baya na VerSe na 2019 da 2020. Ka yi dakon dare lokacin da data ke arha.

Manhajar 3D Slicer kyauta ce, da ita za ka ware ƙashi daga nama. CT yana auna kowane ɗigo da ma'aunin Hounsfield: ruwa 0, iska kuma 1000 ƙasa da sifili, ƙashi yana can sama. Ka sa iyaka wajen 200 zuwa 300, ƙashi zai fito. Akwai ƙarin manhaja a cikinta mai suna TotalSegmentator da ke rarrabe kowane ƙashi da kanta, tana rage aiki ƙwarai. Amma ko wacce ka bi, sai ka koma gaɓoɓin bayan nan biyu da hannunka. Tazarar da ke tsakaninsu siririya ce, kwamfuta sai ta manne C5 da C6 wuri guda kamar an yi musu walda. Yanka bayan yanka za ka bi kana gogewa. Aikin gajiya ne, irin na tsince tsakuwa a shinkafa, kuma in ka yi masa ha'inci samfurinka ba zai taɓa motsi daidai ba.

In ka gama ka goge kaushin kaɗan, ka fitar da shi a fayil na STL. Kaɗan na ce. In ka cika guga za ka share leɓɓan nan biyu da ke gefen saman ƙashin, waɗanda suka mai da shi kamar sirdi, alhali su ne ke taƙaita lanƙwasa zuwa gefe.

Faifai da guringuntsi ba sa fitowa sosai a CT, kai za ka gina su. Ka cike gurbin da ke tsakanin ƙasusuwan, ka raba shi biyu: tsakiya mai ruwa-ruwa, da zoben zare-zare da ya kewaye ta. A nan ɗalibai da yawa ke kwafo faifan ƙugu su rage girmansa su liƙa a wuya. Kuskure ne. Mercer da Bogduk sun nuna a 1999 cewa zoben faifan wuyan babban mutum kamar jinjirin wata yake, mai kauri a gaba, siriri a baya.

Raga da taurin kowane abu

Hanyar da ake kira FEM ba wani sihiri ba ne. Ƙashi ba shi da siffar da lissafi zai kama kai tsaye, don haka sai a yayyanka shi ƙananan tubala dubbai, a lissafa yadda kowane tubali ke matsewa, a haɗa amsar. Wannan yankan shi ne raga. Manhajar Gmsh na yin ta kyauta, FEBio Studio ma haka. FEBio daga Jami'ar Yuta ta Amurka ta fito, kuma don naman jiki aka ƙera ta, shi ya sa na fi son ta a kan Abaqus da ANSYS, ban da cewa kuɗin lasisinsu ya fi ƙarfin aljihuna. Kwamfutar cinya mai RAM 16 GB ta isa gaɓa ɗaya.

Ga lambobin tauri da za ka yawan gani a rubuce-rubucen masana, a ma'aunin MPa. Ɓawon ƙashi na waje 10,000 zuwa 12,000, kaurinsa wajen rabin milimita. Ƙashin ciki mai kama da soso 100 zuwa 450. Naman zoben faifai wajen 3 zuwa 4, tsakiyar faifai wajen 1. Don ka gane tazarar, rodin gini yana wajen 200,000. Abin da wannan ke gaya maka shi ne kusan duk motsin a faifai da jijiyoyi yake. Saboda haka a zagayen farko ka mai da ƙasusuwan biyu sandararru gaba ɗaya, lissafin da zai ci awa uku sai ya ƙare kafin shayinka ya huce.

Tsakiyar faifai ba ta matsuwa, sai dai ta sauya siffa, kamar ledar fiya wata da ba a huda ba. Ana ba ta ma'aunin Poisson, wanda ke nuna yadda abu ke buɗewa gefe in an matse shi, kusan 0.499. In ka yi mata raga da tubala masu ƙulli huɗu kacal, wato ɗigogin da tubali ke haɗuwa da maƙwabtansa, za ta ƙage ta yi tauri na ƙarya. Yi amfani da masu ƙulli goma, ko masu fuska shida irin bulo.

Sai jijiyoyin da ke ɗaure ƙashi da ƙashi. A wannan gaɓa biyar ne manya: ta gaban kututture, ta bayansa, rawayar da ke bayan laka, jakar da ta lulluɓe gaɓoɓin baya, da wadda ke tsakanin ƙayoyin baya, waɗanda kake ji in ka shafa bayan wuyanka. Ka sa su a matsayin sifirin mai ja kawai, domin igiya ba ta tura komai. Taurinsu kuma ba miƙaƙƙe ba ne: da farko sako-sako, sannan su ɗaure. Kowace jijiya ka raba ta sifirin da yawa. In ka liƙa guda ɗaya a ƙulli ɗaya, wurin zai yi ja wur a allo ka zaci ka gano inda ƙashi zai karye, alhali kai ka ƙirƙiri jan. Gaɓoɓin baya kuwa ka ba su haɗuwa mai zamewa, kusan ba gogayya.

Gwajin da ke raba samfuri da zane

Ka kafe ƙasan C6 kada ya motsa. Ka ba saman C5 ƙarfin lanƙwasa zalla, ba tare da turawa ba: gaba, baya, gefe, sannan murɗawa. Dalilin yin haka shi ne da wannan salon aka gwada wuyan gawa a ɗakunan bincike. Manohar Panjabi na Jami'ar Yale da abokan aikinsa sun buga irin wannan gwaji a 2001 da ƙarfin lanƙwasa na niyuton-mita 1, Wheeldon da nasa abokan suka kai 2 a 2006. A gwajin Panjabi, gaba da baya a haɗe, C5 da C6 sun ba da wajen digiri 10.

A nan na sha kunyar da ba zan manta ba. Na rubuta 1 a gurbin ƙarfin lanƙwasa, na danna, samfurin ko gezau. Mako guda ina rage taurin faifai, ina sassauta jijiyoyi, ina zargin manhajar. Ranar nan ƙanwata, mai aikin gashin ƙashi a wani asibiti a nan Jos, ta leƙo ta kafaɗata ta ce, "Yaya, wannan wuyan ai na gunki ne. Ka tabbata ka tura shi kuwa?" Ashe samfurina da milimita aka auna shi, saboda haka 1 ɗin da na rubuta niyuton-milimita ne. Ya kamata in rubuta 1000. Tun daga ranar na manna takarda a jikin allona: milimita, niyuton, MPa. Duk lambar da za ta shiga sai ta bi ta ƙofar nan.

Kada ka tsaya a lamba ɗaya ta ƙarshe. Zana layin yadda kusurwa ke ƙaruwa da ƙarfi. Wuyan gaske yana da wasa a farko, kamar sitiyarin tsohuwar mota, yana motsi da ɗan ƙarfi kaɗan kafin ya tauri. In layinka miƙaƙƙe ne tun daga sifili, jijiyoyinka ba daidai suke ba. Duba kuma ko yana haɗa motsi: a ƙasan wuya, in ka karkata kai zuwa kafaɗar dama, ƙasusuwan suna ɗan juyawa dama a lokaci guda, saboda gaɓoɓin baya a karkace suke, wajen digiri 45. Samfurin da ba ya yin haka, koma ka duba sassaƙarka.

Sannan ka ƙara yawan tubalan ragar ka sake gudanarwa. In amsar ta sauya da fiye da kashi 5 cikin 100, ragar ba ta isa ba tukuna. Ka saita manhajar ta riƙa ajiye aiki a kan hanya. An taɓa ɗauke mana wuta ana saura kaɗan lissafin dare guda ya kammala, batirin kuma ya riga ya tsufa. Abin da Jos ta taimake ni da shi kawai shi ne sanyi, kwamfutar ba ta taɓa yin zafin da za ta kashe kanta ba.

Yanzu sai tsayuwar wuya

Da samfurin ya yi kama da na gaske, sai ka fara yi masa rauni da gangan. Cire jijiyar ƙayoyin baya, ka lanƙwasa gaba, ka rubuta. Cire rawayar, ka sake. Cire jakar gaɓoɓi. Haka Augustus White da Panjabi suka yi wa wuyan gawa a 1975, suna yanka ɗaya bayan ɗaya, kuma daga aikinsu aka samo ma'aunin da likitocin ƙashi ke dubawa a hoto har yau: in ƙashi ya zame a kan na ƙasansa fiye da milimita 3.5, ko kusurwarsa ta zarce ta maƙwabtansa da fiye da digiri 11, gaɓar ba ta da tsayuwa. Ka lura da wasan farkon nan musamman, domin sau da yawa shi ke fara faɗaɗa kafin iyakar motsin ta nuna wani abu.

Bayan wannan ne na ƙara sauran ƙasusuwan, na ce to, lokaci ya yi da zan aza kwandon Baba. Na ɗora nauyi a sama, a miƙe zuwa ƙasa. Wuyan ya lanƙwashe kamar ɗanyen kara tun nauyin bai kai ko'ina ba, lissafin ya tsaya. Na zaci wani kuskuren ne kuma. Ashe wannan karon samfurin gaskiya ya faɗa. Panjabi da abokansa sun auna a 1998 cewa wuyan da aka cire wa tsoka, daga ƙashi sai faifai sai jijiya, yana lanƙwashewa a wajen niyuton 10.5. Nauyin kilo ɗaya ke nan da ɗan ɗoriya. Kan mutum kuwa kilo huɗu da rabi zuwa biyar da rabi ne. Wato ƙashin wuya shi kaɗai ko kan da ke bisansa ba zai iya riƙewa ba, balle kwandon tumatir.

To me ke riƙe shi? Tsoka, da ƙwaƙwalwar da ke ba ta umarni. Panjabi ya tsara wannan tun 1992, ya ce tsayuwar ƙashin baya ƙafa uku gare ta kamar murhu: ƙashi da jijiyoyinsa, tsoka, da saƙon da ke daidaita su. A 2000 Patwardhan da abokan aikinsa suka nuna abin a fili. Suka zura igiya ta gefen ƙasusuwan yadda nauyin zai bi lanƙwasar wuyan, ya ratsa tsakiyar kowace gaɓa maimakon ya sauko a miƙe. Wuyan ya ɗauki niyuton 250 bai lanƙwashe ba. Kai ma haka za ka yi a kwamfuta: ka haɗa tsakiyar kowane ƙashi da na ƙasansa da abin ja, nauyin ya riƙa bin hanya ko wuyan ya motsa. Ka yi ta gyara inda igiyar ke bi har sai nauyin ya matse gaɓoɓin ba tare da ya juya su ba. Kwana huɗu wannan gyaran ya ci mini, ina matsar da ƙulli rabin milimita gaba, rabin milimita baya.

In kana son ka san ƙarfin da kowace tsoka ke ja da shi, OpenSim ta Jami'ar Stanford za ka nufa, ita ma kyauta ce. Akwai samfurin tsokar wuya da Anita Vasavada da abokan aikinta suka fitar a 1998, an yi ta gini a kansa tun daga lokacin. Ka ba shi yanayin zaman kai da nauyin kaya, ya ba ka ƙarfin da ke sauka a C5 da C6, ka kwashe ka kai wa FEBio. Masu binciken haɗarin mota kuma suna da samfurin jiki cikakke na Toyota mai suna THUMS, an sake shi kyauta tun 2021, sai dai yana bukatar manhajar LS-DYNA da kwamfutar da ta fi tawa nesa ba kusa ba.

Kafin ka yarda da duk abin da allo ya nuna, ɗauki biro. Kai kilo 5, jarkar ruwa mai lita 25 a bisansa, kilo 30 ke nan, wajen niyuton 300. In nauyin ya sauka daidai kan gaɓar, 300 ɗin za ta ɗauka, da ɗan abin da tsoka ta ƙara don riƙo. Yanzu a ce kan ya leƙa gaba da santimita 4, mu kuma ƙaddara tsokar bayan wuya tana santimita 4 a bayan gaɓar. Dole ta ja da niyuton 300 kafin kan ya tsaya, kuma wannan jan a kan faifan yake sauka. Ya zama 600. Kayan bai ƙaru ko da cokali ɗaya ba, tazarar yatsu biyu ce ta ninka nauyin. In kwamfutarka ta ba ka 60 ko 6000, ka san akwai inda ka zame. Irin wannan lissafin ne ya haifi lambar da ke yawo a Facebook, cewa sunkuyar da kai digiri 60 a kan waya yana sa wuya ɗaukar wajen kilo 27. Daga samfurin likita Kenneth Hansraj na 2014 ta fito, lissafi ne, ba a cikin wuyan wani aka auna ba.

Abu ɗaya da ƙanwata ke yawan tuna mini, kuma tana da gaskiya: yawancin lambobin taurin da muke kwafowa daga gawarwakin Turai da Amurka aka samo su, da yawansu tsofaffi. Wuyan mace ma ba na namiji ba ne da aka rage wa girma, ya fi siranta kuma ƙarfinsa bai kai ba ko da tsayinsu ɗaya. An auna matan Luwo da Kikuyu a Kenya a 1986, aka ga suna ɗaukar kashi 20 cikin 100 na nauyin jikinsu a ka ba tare da ƙarin kuzarin da suke ƙonawa ba, amma wannan awon numfashi ne, bai ce komai a kan faifan wuyansu ba. Saboda haka kowace lamba ka ɗaga ta da kashi 25 cikin 100, ka sauke ta da haka, ka ga wacce ce ke juya amsarka, ka rubuta wannan a rahotonka ɓaro-ɓaro. Kuma in wani ya zo maka da ciwon wuya yana cewa ka duba masa a kwamfutarka, tura shi asibiti.

Na koma Farin Gada da damina, na tarar da Baba a gindin rumfar masu karas yana jiran ruwa ya ɗauke. Na nuna masa hotuna biyu a waya, ɗaya kai a miƙe, ɗaya ya leƙa gaba, faifan ya yi ja. Ya karɓi wayar ya nisanta ta da idonsa, ya daɗe yana kallo. Ya ce, "To ina gammon?" Na ce ban sa ba, Baba. Ya miƙo mini wayar ya ce in je in sa, in kuma tuna kwandon tumatir yana rawa in ana tafiya, ba kamar buhun dankali ba. Gammon na riga na fara, na ba shi taurin soso mai kauri. Rawar kwandon kuwa sai na shigar da lokaci da taku cikin lissafin, kuma sai na sayi sabon batiri tukuna.